Ranar da Waisale Ya Zo Roƙon Kazata

"Lafiya lau, Tavale. Ya gida, ya mutan gida, ya kaji?"

Da na ji ya sako kaji a gaisuwa na san ba alheri ne ya kawo Waisale ba. Tun muna yawo ba wando na san shi, bai taɓa tambayar lafiyar abu ba sai in yana shirin cinye shi.

Asabar ce, ina baranda ina kankare kwakwa, waya a kan cinyata, don lungun nan kaɗai sabis ke kamawa a gidanmu. Nana, uwata ke nan, ta tafi kasuwar Nausori da gwaza tun asuba. Shi kuma ya ɗaure dokinsa can nesa a gindin mangwaro, abin da bai saba ba, ya taho cikin farar riga da zanensa irin na mazanmu na zuwa coci. Ɗan kawuna ne, babansa da Nana ciki ɗaya. Tavale ke nan, abokan wasa, haka muke kiran juna. In na ga dama in zage shi daga gashin kai har farcen ƙafa ba mai ce min don me, shi ma haka.

"Kaji suna amsawa," na ce. "Sun ce ka tsaya daga nan."

"Haka ake karɓar baƙo a garinku, Unaisi? Shi ya sa har yau ba wanda ya zo neman aurenki."

"Sun zo. Da suka ji kai ne dangin uwata sai suka tuna sun bar tukunya a wuta."

"Ba ko shayi?"

"Ga ganyen lemo can a bishiya, ga ruwa a famfo. Hannu biyu Allah ya ba ka, duk da dai ba ka taɓa gwada su a gona ba."

"Ni da nake noma rogon da kike ci."

"Rogon nan da sai an sa masa gatari? Wai wa ya mutu ne ka sha wanka haka?"

Ya cire takalmi, ya hau tabarma a duƙe kamar mutumin kirki, ya naɗe ƙafa. Sai ya zaro wani ƙulli daga bayansa, saiwar yangona ce, wadda ake daka wa a sha, ake kuma kai wa in za a yi roƙo, an naɗe ta da jarida an ɗaure da jan zare. Ya ajiye a tsakaninmu ya sunkuyar da kai.

Na saki kwakwar. Na tura hannuwana biyu ƙarƙashin cinya na zauna a kansu.

"Kerekere na zo," ya ce, murya ƙasa-ƙasa kamar mai addu'a. "Ɗan abu ne ƙarami. Kazar nan taki mai tsiraran wuya. Marama."

Kowa ya san kerekere. Ɗan'uwa ya roƙe ka abu, ba ka cewa a'a. In kuwa ya zo da yangona ka taɓa ƙullin ka tafa hannu, an gama, ko gadon da kake kwana a kai ne sai ka taya shi ɗauka.

"Ban ji ba," na ce. "Kunnen nan ya toshe tun jiya."

"Bari in zagayo ta ɗayan."

"Shi ya fara toshewa."

Ni na ja wa kaina, kuma da yatsana. Bayan guguwar bara ta kwashe mana kaji, Nana ta sayo 'yan tsaki farare guda arba'in, irin na gidan gona. Zafi ya zo, cikin sati uku suka mutu tas, ni na dinga kwasar gawa da shebur. Ba wanda ya gaya mana irin nan ba sa jure rana. Sai na ce to bari mu yi littafin kaji a intanet, namu na kanmu. Ni aji uku na tsaya a sakandare, amma waya ba abin da ban iya da ita ba. Kowane iri da shafinsa: shazumama, durgu, 'yan daji, baƙaƙen nan na Ostireliya, masu tsiraran wuya. Duk mai kiwo ya shiga ya rubuta abin da ya sani a kan irin da yake da shi, ya ɗora hoto, ya sa sunansa da garinsu. Mutum sittin da bakwai suka rubuta. Ina ta murna, sai da na zauna na karanta.

Ilisapeci ta Korovou ta ce shazumamarta ƙwai ɗaya take yi a shekara, shi ma ba gwaiduwa. Ita da take kai ƙwai kasuwa a bokiti. Tsoho Peniasi ya ce naman durgunsa ɗaci ne da shi, kare ma ya shinshina ya wuce. Hotunan kuwa, ashe sai sun tsoma kazar a ruwa tukunna su ɗauka, ta fito a takure kamar gobe za a binne ta. Har wani ma'aikacin gona ya zo da safar hannu yana tambayar wace annoba ce ta shigo yankinmu. Duk don kar dangi su gani su zo kerekere. Haushi ya sa na ce bari in nuna musu yadda ake yi, na zauna na rubuta gaskiyar Marama, ban rage komai ba.

Waisale ya ciro wayarsa, wadda gilashinta ya tsage kamar ƙafar manomi, ya gyara murya.

"'Ƙwai biyar a sati,'" ya karanta. "'Ta kwanta a kan sha biyu ta ƙyanƙyashe sha ɗaya. Zafi ba ya damunta. Ta bi tunku da gudu har bakin rafi, ga bidiyon.' Ke kika rubuta, ko wani maƙiyinki ne ya sace miki waya?"

"Ni na rubuta. Littafi ne. Littafi gaskiya ake sa masa."

"Har da sunanki da garinku. Saura ki sa musu lokacin da bas ke tashi."

"Don mutane su san irin da za su kiwata na yi, mai kan kwakwa kawai. Kar wata ta kwashi gawa arba'in kamar ni."

"Ai sun sani yanzu. Ni ma na sani, shi ya sa na zo. Mutum nawa suka gaishe ki a satin nan?"

Uku ne. Har da wani kawu a Lautoka da rabon da ya neme mu tun ranar sunana, shi ma ya turo yana tambayar ya jikin kazar.

"Kin gani," ya ce. "Gara ni, na gida. Da kin tsoma ta a bokiti kamar kowa, da yanzu muna shan shayi."

"In tsoma ka dai. Kai ne ka fi buƙatar bokitin, wankan yau ɗin ma rabi ka yi, ga kumfa nan a bayan kunnenka."

Ya taɓa kunnen. Ba komai a wurin, amma na ji daɗi.

"Tunda karatu ake, bari ni ma in karanta maka naka," na ce. Sai na tuna hannuna na ƙarƙashin cinya, in na fito da shi tsautsayi zai iya kai shi kan ƙullin. Ba komai, na haddace shi don baƙin ciki. "Shafin 'yan daji. 'Sunan zakarana Saje. Ido ɗaya gare shi. Gurgu ne. Ba ya cara. Kaji mata na dukansa ya ɓuya a bayan tukunya. Ba shi da amfanin komai, cin rogo kawai.' Waisale, zakaran da in ya yi cara a garinku fastonmu ke tashi a nan?"

"Ya tsufa."

"Shekararsa biyu."

"Tsufan ya zo masa da wuri. Gado ne, ta wajen uwa."

"Hoton kuwa kafet ka ɗauka ko zakara?"

"Ruwan sama aka yi."

"A cikin bahon wanki?"

"Rufinmu na yoyo. Tavale, ƙafata ta fara sagewa, taɓa ƙullin nan mu tashi."

"Ta ruɓe ma. In ba ka ƙwai shida."

"A'a."

"Goma. Da 'yar tsakuwa guda, mace."

"Marama."

"In ba ka baƙar can, ta fi ta ƙiba."

"Wadda kika rubuta ta daina ƙwai tun Kirsimeti? Ai matsalarki ke nan, komai kin rubuta."

Na ji kamar in kwaɗa masa kwakwar a goshi. Kazar nan ita kaɗai ta rage mana bayan guguwa. A cikin kwandon wanki na same ta, kwandon a saman bishiyar gwaba, tana zaune a kan ƙwai kamar ba abin da ya faru. Duk kajin da ke tsakar gidanmu yau 'ya'yanta ne. Kuma a dangin Waisale ba kazar da ta taɓa ganin Kirsimeti biyu.

"To ma ba tawa ba ce," na ce. "Ta Nana ce."

Ya yi murmushi har haƙorinsa na gefe da ya karye a ƙwallo ya fito.

"Ai ya fi sauƙi. Nei, gwaggona, ba ta taɓa hana ni komai ba. Motar kasuwa ƙarfe nawa take dawowa, sha biyu ko? Zan jira."

Gaskiya ya faɗa. Nana in ta ga ɗan yayanta a durƙushe da yangona, kafin ya rufe baki ta tafa. Ta taɓa ba shi keken ɗinkinmu, shi da ko maɓalli bai iya sawa ba. Na saci kallon waya. Sha biyu saura kwata.

Kamar an kira ta, sai ga Marama ta hawo baranda, wuyan nan ja wur ba gashi ko ɗaya, tana taku ɗaya-ɗaya kamar matar sarki. Ta dube ni, ta dube shi, ta je ta kai wa jaridar ƙullin sara.

"Shi ke nan," Waisale ya ce. "Ta taɓa da kanta."

"Ba ta tafa ba."

"Ta buɗe fiffike."

"Zafi take ji."

"Kin rubuta zafi ba ya damunta."

"Warinka ne ya dame ta. Marama, sauka, wannan ba mutum ba ne, tunku ne ya sa riga."

"Kin ga yadda take kallona? Ta gaji da zama da ke. Dubi wuyanta, duk masifarki ce ta cinye gashin."

"Haka Allah ya yi irinsu, jahili. Shafi na biyar, in ka iya karatu."

Ban rufe baki ba sai muka ji cara daga gindin mangwaro. Ba ƙaramar cara ba, irin wadda kwanon rufi ke amsawa. Dokin ya zabura, karnukan maƙwabta suka ɗauka. Marama ta miƙe wuya, ta dire daga baranda ta nufi wajen da gudu.

Na dubi Waisale. Waisale ya dubi rufi.

"Mene ne wancan?"

"Doki ne."

"Dokinka ke cara?"

"Mura yake yi."

Aka sake yi, wannan karon har da ja a ƙarshe. Buhun da ke rataye a sirdin yana ta motsi, ga wani jan kai ya leƙo ta hujin da aka yanka masa, da ido biyu garau.

"Ashe an yi mu'ujiza," na ce. "Makaho ya gani, bebe ya yi magana. Bari in kira fasto. Waisale, me Saje yake yi a ƙofar gidanmu cikin buhu?"

"Shan iska."

"Zan ƙirga uku in kira garinku in tambaya."

Ya sauke kafaɗa. Duk taƙamar nan ta zube, ya koma kamar hoton kajin Ilisapeci.

"Bubu ce," ya ce.

Bubu kakarmu ce mu duka, ita ta haifi babansa da Nana. Shekararta tamanin da wani abu, ba ta gani sosai, amma ba abin da ke wuce ta.

"Ba ta da waya," na ce.

"Matar fasto ta karanta mata littafin naki kaf, shafi-shafi, bayan taron mata. Da aka zo kan Saje sai ta ce Allah sarki, yaron nan yana ta wahala da ciyar da nakasasshe. Gobe Lahadi sabon fasto zai ci abinci a gidanmu. Ta ce tunda ba shi da amfanin komai, ai yana da romo."

Na so in daure amma na kasa. Na yi dariya har na faɗi gefe, hannuwana dai suna ƙarƙashina, ina birgima kamar buhun gwaza.

"Ka gaya mata ƙarya ka yi mana."

"In ce wa Bubu na yi ƙarya a gaban matar fasto? Kuma in na ce lafiyayye ne, ƙannen babana huɗu suna nan suna jira da nasu ƙullin. In ya lalace a ci shi, in ya yi kyau a roƙe shi. Ke kika kawo mana wannan bala'in da littafinki, da kowa na zaune lafiya da kazarsa."

"Ni na riƙe maka yatsa ka rubuta gurgu?"

"Har ta sa an wasa wuƙa, Tavale. Da asuba na saci jiki."

"To me ya haɗa wannan da Marama?"

Ya sosa ƙeya. "Ke vasu ce a gidanmu."

Sai yanzu na gano shi. Vasu, wato ɗiyar 'yar'uwa a gidan kawunta, abin da idonta ya gani hannunta ya kai nata ne, ba roƙo, ba yangona, ba godiya. In na ɗauki Saje, ko Bubu ba ta isa ta ce a dawo da shi ba, sai ma ta yi ta alfahari jikarta ta san hanyar gida.

"Wato so kake in ɗauke shi in cece shi."

"Na ɗan lokaci. Fasto ya ci kifi, ƙura ta lafa, ki dawo min da abina."

"Shi ne ka zo ka fara da roƙon kazata?"

"Don na san halinki. Kin ɗauki rediyona muna aji shida, kin ce na kwana biyu."

"Ba a cika kwana biyun ba tukunna."

"Kin gani. In Marama na hannuna, dole Saje ya dawo."

"In Marama na hannunka, a gidan da aka wasa wuƙa, Bubu ba ta gani sosai, ga fasto na jin yunwa. Kai da hankali ko a hanya ba ku taɓa gaisawa ba."

"Zan ɓoye ta a ɗakina."

"Ɗakinka da ko kyankyaso ba ya kwana? Ɗauke ƙullinka, in ɗauki zakaranka, magana ta ƙare."

"Ki fara rantsewa za ki dawo da shi."

"Vasu ba ta rantsuwa."

"To ni ma ƙafata ta warke, zan iya zama har dare."

Can ƙasa wajen gada muka ji hon ɗin a-kori-kurar kasuwa. Daga gada zuwa ƙofarmu minti biyar ne, in direban bai tsaya gaisuwa ba. Waisale ya gyara zama, ya daidaita ƙullin ya fuskanci ƙofa, ya sake sunkuyar da kai yana leƙena ta ƙasan ido.

"Zan kira Bubu in ce ga zakaran miyarta a nan," na ce.

"Kira. Kafin ta nemo wanda zai karɓa mata wayar, Nei ta tafa."

"Allah ya sa dokinka ya gudu ya bar ka."

"Sai in kwana, ki dafa min."

Na ji motar ta sauya giya a kan tudu. Na miƙe ba tare da na dafa tabarma ba, na tsallake ƙullin kamar mai tsallake maciji, na ruga gindin mangwaro. Marama na nan tana zagaye ƙafar doki tana kwarkwasa, mara kunya. Na kwance buhun na zaro Saje. Kai, zakara ne. Nauyinsa kamar jariri, jelar nan baƙa tana walƙiya kore-kore, ƙafafu biyu lafiyayyu har ya kai min shuri da su.

"Na ɗauka," na ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji. "Vasu ta ɗauka."

"Madalla," Waisale ya ce daga baranda. "Saura nawa roƙon."

Ban koma baranda ba. Madafa na wuce, inda tukunyar rogo ke tafasa tun ɗazu. Na riƙe Saje ta ƙafafu, kai a ƙasa, na zaro addar da nake fasa kwakwa da ita, na tsaya a bakin ƙofa inda zai gan ni da kyau.

"Tavale, me kike yi?"

"Abina ne. Ina sha'awar romo."

"Ba za ki iya ba."

"Na kwashi gawa arba'in da shebur, ɗaya ce za ta gagare ni? Ai ba asara. Gurgu ne, ba ya cara, littafi ya faɗa."

Motar ta tsaya. Nana ta sauko da buhunan da ba komai a ciki da ledar burodi, tana yi wa direba sallama. Ta shigo tana share gumi, ta ga takalmi a bakin baranda, ta ga Waisale a durƙushe, ta ga ƙullin. Nan take fuskarta ta yi laushi kamar man shanu a rana. Ta ajiye kaya, ta zauna a gabansa ta naɗe ƙafa, har ta ware tafin hannu.

"Ɗana, lafiya? Me kake so?"

"Nana, sannu da dawowa," na ce daga madafa. "Yau miyar zakara za mu sha. Jira nake in ji abin da ya kawo baƙonmu, sai in yanka."

Na ɗora addar a wuyan Saje, ta wajen gadon bayanta dai, amma daga baranda ba a bambancewa. Saje ya yi wani ƙara mai ban tausayi, kamar mun shirya da shi.

Waisale ya buɗe baki. Ya dubi Marama da ta biyo mu tana tsaye a ƙofar madafa. Ya dubi addar.

"Nei," ya ce, "na zo ne..."

Na ɗan motsa hannu.

"Na zo neman gafara."

"Gafarar me, ɗana?"

"Na yi ƙarya a littafin Unaisi. Na ɓata mata aiki. Na kawo wannan a yafe min."

Nana ta dube ni, ta dubi zakaran da ke reto a hannuna, ta dube shi. Na ga tana danne dariya a gefen baki. Ta ɗora hannu a kan ƙullin, ta ce an karɓa an yafe, ta tafa sau uku. Ƙulli ɗaya magana ɗaya yake ɗauka. Na juyo da Saje na rungume shi.

"Mutum sittin da shida suka rage," na ce. "Kowa ya zo da nasa ƙullin, sai mu buɗe shago."

Nana ta ɗauki yangonar ta shige ciki, muna jin dariyarta ta bango. Waisale ya miƙe ƙafa ya kwanta rigingine a tabarma, hannu a fuska.

"Saiwar nan shekara huɗu na yi ina rainonta," ya ce. "Na ba da ita don in nemi gafarar mayya."

"An yafe maka. Tashi ka faɗi gaskiya in rubuta. Ido nawa?"

"Biyu."

"Ƙafa?"

"Biyu. Ki sa ya taɓa korar kare. Ki sa 'ya'yansa ba sa mura. Tunda ba nawa ba ne yanzu, ki sa har da cewa yana tashin matattu, dangi su zo kanki."

Na tsaya da yatsa a sama. Ban yi tunanin wannan ba. Ga kawun Lautoka ma ya sake turo saƙo tun ɗazu, wai yana nan tafe ranar Laraba a gaisa.

"Cire sunaye da garuruwa daga shafukan mana," Waisale ya ce, har yanzu yana kwance. "Iri kike son a sani ko mai iri? Ki cire ki gani in Ilisapeci ba ta samo gwaiduwarta ba."

Na ji haushin da dabarar ta fito daga kansa, amma na cire, a nan take, sittin da bakwai ɗin duka.

"Marama fa? Ita an riga an san gidansu."

"Rubuta a ƙasan shafinta: 'Ɗan kawunta ya riga kowa zuwa da yangona a kan wannan kaza.' Ba wanda zai ɗora roƙo a kan roƙo."

"Ni ba na sa ƙarya a littafina."

"Ina ƙaryar? Ban zo ba? Ban kawo ba? An ce ki rubuta an ba ni?"

Na juya maganar ta kowane gefe ina neman inda ta ruɓe, ban samu ba. Na rubuta.

Ya tashi zaune yana dariya yana girgiza kai, ya leƙa tsakar gida. Saje ya riga ya samo wata tsutsa yana kiran Marama, ita kuma tana yi masa yanga.

"Yaushe za ki dawo min da shi?"

"Kwana biyu."

"Na shiga uku. To me zan ce wa Bubu? Fasto na zuwa gobe."

Na shiga ciki na ɗauko baƙar kazar nan da ta daina ƙwai tun Kirsimeti, na zura ta a buhunsa, na ɗora masa ƙwan Marama shida a cikin ɓawon kwakwa.

"Baƙar ta fasto ce. Ƙwan ka sa wa kaza ta kwanta a kai, ba cikinka ba."

Ya karɓa da hannu biyu, ya ɗaga ƙwai ɗaya yana dubawa a rana.

"Ƙanana ne," ya ce. "Zan rubuta a littafi."